Taliyar Italiya a Tukunyar Indiya: Yadda Baƙuwa Ta Koyi Cin Yaji

 

A shirinmu na makon jiya wani ɗan kasuwa mai ɗaukar katan-katan na taliya ya bugo waya da tambaya. Ya ce ya ga wata Ba'indiya a bidiyon waya tana dafa makaroni, ta zuba kurkur da barkono har abin ya koma rawaya, alhali shi ya sha jin cewa wannan abincin mutanen Italiya ne. To wanne ne daidai, kuma ba ɓata abincin ta yi ba? Lokaci ya ƙure mana a ranar, na yi alkawarin kawo amsa a rubuce. Ga ta nan. Ka ɗan gyara zama, domin a cikin maganar akwai rabon mai sayar da taliya, akwai kuma rabon mai nono da man shanu.

Yadda masu ita suke dafa ta

Kafin ka gane abin da Indiyawa suka sauya, sai ka san yadda take a gidansu. Mutumin Italiya ya fi kowa cin taliya a duniya, kusan kilo 23 kowane mutum a shekara. Ba su ɗauke ta da wasa ba: tun 1967 dokarsu ta ce busasshiyar taliyar da ake yi a ƙasar don sayarwa a cikinta sai an yi ta da tsakin alkama mai tauri, wadda ake kira durum. Wannan alkamar ce ke sa taliya ta riƙe jikinta a ruwan zafi, ba ta narke ta zama kunu.

Girkin nasu mai sauƙi ne. Ruwa mai yawa, kamar lita 1 ga kowane giram 100 na taliya, da gishiri. Ana sauke ta tun tana da ɗan tauri a tsakiya, abin da suke kira al dente, wato haƙori ya ji ta. Miyar kuwa ba ta da tarkace: man zaitun, tafarnuwa, tumatir, wani ganye mai ƙamshi, sai a goga busasshen cuku a kai. Kuma miyar kaɗan ce, shafa taliyar kawai take yi. A wurinsu ɗanɗanon alkamar shi ne abincin, miya 'yar rakiya ce.

Ka riƙe waɗannan abubuwa uku: tauri, ƙarancin miya, ƙarancin kayan yaji. Duka ukun Indiya ta juya su.

Ba baƙuwa ce gaba ɗaya ba

Indiya ta san zaren alkama tun kafin zuwan makaroni. Suna da wata siririyar taliya, a arewa ana ce mata sebiyan, a kudu semiya. Musulmin ƙasar, waɗanda ƙidayar 2011 ta ce sun haura miliyan 170, da ita suke buɗe safiyar ƙaramar Sallah: a soya ta da man shanu, a dafa ta cikin madara da dabino da sukari. Wanda ya zauna a Sudan zai tuna da sha'iriyya mai sukari, 'yan uwan juna ne. A kudancin Indiya kuma ana soya semiya da albasa da barkono da ganye a yi karin kumallo da ita.

Sai kuma a farkon shekarun 1980 kamfanin Nestlé ya shigo da taliyar minti biyu mai suna Maggi. I, sunan da ka sani. A wurinmu Maggi dunƙulen miya ne, a Indiya kuwa in ka ce Maggi taliya za a miƙo maka, irin Indomie ɗinmu, da ƙunshin garin yaji a ciki. Yaran da suka tashi da ita sun girma da saninsu cewa taliya abu ce mai laushi, mai romo, mai yaji.

Bayan 1991, da gwamnatin Indiya ta buɗe ƙofar kasuwancinta ga kamfanonin waje, gidajen abinci irin su Domino's da Pizza Hut suka shigo a 1996, abincin Italiya ya fara zama abin yayi a birane. Daga nan makaroni da sauran dangoginsa suka sauko daga gidan abinci zuwa shagon unguwa, daga shago zuwa madafar gida. Nan ne fa aikin ya koma hannun uwar gida, ita kuwa ba ta tambayi Italiya izini ba.

Sauyi na farko: mai ne ke fara magana

Girkin Indiya yana da wata ƙa'ida da suke kira tadka. A ɗora mai ko man shanu a wuta, in ya yi zafi a jefa kayan ƙamshi tun suna ƙwaya, musamman wata 'yar ƙwaya da suke kira jira, wadda Larabawa ke ce wa kammun. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan za ka ji tana tsatsatsa, ƙamshi ya cika gida. Dalilin yin haka shi ne ƙamshin yawancin kayan yaji a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. In ka zuba su a ruwa, rabin ƙamshin yana nan a kulle. In suka taɓa mai mai zafi, sai ya buɗe ya bi duk abin da aka zuba daga baya.

Bayan jira sai albasa har ta yi ja, sai dakakkiyar citta da tafarnuwa, sai ɗanyen barkono, sai tumatir, sai kurkur da garin barkono da wani haɗin kayan ƙamshi da suke kira garam masala, wanda a cikinsa akwai kanumfari da girfa da baƙin masoro. Ana soyawa har mai ya taso ya rabu da tumatir. Wannan shi ne tushen miyarsu ta kullum, wadda suke yi wa dankali da wake da kaza. Da taliya ta zo, ba su ƙirƙiro mata sabuwar miya ba, cikin tsohuwar suka jefa ta. Abin da ya fito shi ake kira masala pasta ko masala makaroni, kuma shi ne abin da mai tambayarmu ya gani a waya.

Sauyi na biyu: laushi da romo

Mutanen da suka saba da shinkafa mai laushi da romon wake ba sa jin daɗin abin da ke yi musu tauri a haƙori. Ga da yawa daga cikinsu, al dente sunansa bai dahu ba. Don haka sukan ƙara mata minti ɗaya ko biyu, miyar kuma ta yi yawa har ta kwanta a ƙasan kwano.

Wasu ma ba sa tafasa ta dabam. A yawancin gidajen Indiya akwai tukunyar tururi mai murfi a kulle, wadda ke yin fito in ta ɗau zafi, har ma da yawan fiton suke auna lokacin girki. Sai a soya kayan miya a ciki, a zuba ɗanyar taliya da ruwa daidai, a rufe, ta yi fito ɗaya ko biyu, a sauke. Amfanin haka biyu ne. Taliyar tana shan miyar har cikinta, sitacin da ke fita daga jikinta kuma yana ƙara wa miyar kauri maimakon a zubar da shi a ƙasa. Ga kuma ragin ruwa da makamashi, wanda duk mai ɗebo ruwa daga nesa ya san darajarsa.

Siffar taliyar ma an zaɓa. Doguwa irin sifageti tana son cokali mai yatsu da iya naɗi. Gajeru kuwa, makaroni da mai murɗe da mai kama da bututu, ana ɗibarsu da cokali, suna shiga kwanon abincin ɗan makaranta, kuma raminsu yana riƙe miya. Shi ya sa su suka fi yawa a masala pasta.

Sauyi na uku: abin da addini ya hana

Nan ne maganar ta fi nauyi. Wasu daga cikin shahararrun miyoyin Italiya da naman alade ake yin su, kamar karbonara ta birnin Rum. Wasu da naman sa, wasu ana zuba musu giya. Shi kansa busasshen cukun nan na Parma, da wani sinadari na cikin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi.

To ka duba Indiya. Mabiya addinin Hindu suna girmama saniya, akasarinsu ba sa cin namanta. Musulmi ba ya cin alade, ba ya son giya a tukunyarsa. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kusan kashi 39 cikin 100 na manyan Indiya suna cewa su ba sa cin nama sam. Mabiya addinin Jain ma har albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci, saboda ana tumɓuke su daga ƙasa. Abin ya kai ga doka ta wajabta alama a jikin kowane ƙunshin abinci: koren ɗigo a cikin koren murabba'i yana nufin babu nama a ciki, alama mai ruwan ƙasa kuma tana nufin akwai.

Don haka uwar gida ta cike gurbin nama da kayan lambu: koren tattasai, karas, kabeji, koren wake, ɗanyar masara. A gidan da ake cin nama kuwa, sai niƙaƙƙen naman akuya ko rago da suke kira kima, ko gasasshiyar kaza. Mai bin Jain ya cire albasa da tafarnuwa ya sa wani ƙaro mai ƙarfin wari da ake kira hing. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Makiyayi, ga naka rabon

Indiya ce ta fi kowace ƙasa samar da madara a duniya, sama da tan miliyan 200 a shekara, kuma kaso mai yawa daga ɓaunar gida yake fitowa, ba daga saniya kaɗai ba. Ba manyan gonaki ne suka kai ta nan ba. Ƙananan masu dabba biyu ko uku ne suka haɗa kai. Ƙungiyar da ta haifi Amul an kafa ta a garin Anand na jihar Gujarat a 1946, saboda masu madara sun gaji da 'yan tsakiya da ke karya musu farashi. A 1970 aka faɗaɗa wannan tsari zuwa sauran ƙasar ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien.

Ƙasar da madara ta wadata haka, dole ta shiga taliyarta. Ta shiga ta ƙofa uku.

Ta farko man shanu. Abin da suke kira gi ba wani abu ba ne illa soyayyen man shanu, wanda aka narkar har ruwansa ya ƙone aka tace, irin wanda ake ɗurawa a kwalba a kasuwanninmu. Shi ko ɗanyen man shanu ne ke maye gurbin man zaitun, wanda a Indiya kayan waje ne mai tsada.

Ta biyu cukunsu mai suna panir. Ana tafasa madara, a matsa lemun tsami, ta tsinke, a tace a ƙyalle, a danne da dutse. Lita 1 takan ba da giram 150 zuwa 200. Ba ya narkewa a wuta, don haka ana yanka shi ƙanana a soya a jefa cikin taliya a madadin nama. Wanda ya san wagashin Fulanin Benin, wanda ake tsinkawa da tumfafiya, ya san ɗan uwan panir. Bambancin kawai abin tsinkawar ne.

Ta uku farar miya, wadda yaran birane ke mutuwar so. Cokali 2 na man shanu, cokali 2 na fulawa, a juya a wuta kaɗan, a riƙa zuba madara kofi 2 a hankali ana juyawa har ta yi kauri. Asalinta daga Turai ne, amma Indiyawa sun ƙara mata tafarnuwa da barkono da masara da cuku. In aka gauraya ta da jar miyar tumatir sai ta koma ruwan hoda, ita ma tana da masoyanta. Sai dai a kula: madara sabuwar tatsa wadda aka tafasa ake sawa. Nono ko kindirmo tsinkewa zai yi a wuta.

In kana son gwadawa

Ga yadda za ka yi wa mutum huɗu. Ka tafasa makaroni giram 400 a ruwan gishiri, ka sauke saura minti biyu ya dahu, ka tace, amma ka ajiye kofi 1 na ruwan. A wata tukunya ka narkar da man shanu cokali 3. In kana da kammun ka jefa ƙaramin cokali 1, in babu ka wuce. Ka soya albasa 2 har su yi ja, ka sa citta da tafarnuwa da attarugu gwargwadon bakinka. Ka zuba tumatir 4 da aka jajjaga, rabin ƙaramin cokali na kurkur, ɗan dakakken kanumfari da girfa da masoro, da gishiri. Ka rage wuta a nan, domin kurkur da garin barkono saurin ƙonewa gare su, in suka ƙone ɗaci za su yi. In mai ya taso ka sa karas da tattasai, ko soyayyen cuku, ko niƙaƙƙen naman da ka riga ka soya. Ka juye makaronin da ruwan da ka ajiye, ka rufe minti biyu zuwa uku. Ka matsa lemun tsami bayan ka sauke.

Kuskure biyu aka fi yi. Na farko, dafa taliya ta dahu sarai sannan a sake dafa ta cikin miya, sai ta caɓe. Na biyu, zuba kayan yaji a ƙarshe kan ruwa, sai ka ji garinsu a harshe ba ƙamshinsu ba.

To, ɓata ta aka yi?

Akwai mutanen Italiya da ransu ke ɓaci in sun ga irin wannan girki, kuma suna da hujjarsu: sun yi ɗaruruwan shekaru suna gyara abinsu, kowace siffar taliya da miyar da ta dace da ita. Amma tarihi yana da abin cewa. Tumatirin da Italiya ke alfahari da shi ba ɗan Italiya ba ne, daga nahiyar Amurka aka kawo shi bayan 1492, kuma sai da aka yi ƙarnoni kafin ya zama abokin taliya. Barkonon da Indiya ke taƙama da shi ma daga can ya fito, jiragen 'yan Fotugal ne suka kai shi gaɓar Indiya a ƙarni na 16. Ita kanta busasshiyar taliyar, a 1154 masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Tarabiya na tsibirin Sisili ana yin ta da yawa ana lodawa a jirage zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista, kuma da sunan Larabci ya kira ta, itriyya. Ka ga ke nan tun fil azal kayan fatauci ce, 'yar hanya ce kamarka.

Ba Indiya kaɗai ta yi mata haka ba. Wanda ya yi aiki a Libiya ya ci mbakbaka, taliyar da ake dafawa cikin romon tumatir da yaji a tukunya ɗaya. Mu ma nan ba mu tambayi kowa ba kafin mu zuba mata manja da yaji, ko mu haɗa ta da wake, ko mu yi dafa-duka da ita. In za a kama Ba'indiya da laifi, to a haɗa da mu.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Kamfanonin da ke sayar da taliya a Indiya sun gane abu guda: ba sunan Italiya ke sayar da kaya ba, sanin tukunyar da kayan za su faɗa shi ke sayarwa. Shi ya sa suka fito da ƙananan ƙunshi masu garin masala a ciki, suka buga koren ɗigo a jiki, suka yawaita gajeru. Ƙasar ma tana noma tata alkamar durum, musamman a jihar Madhya Pradesh, ta yadda ba sai komai ya zo daga waje ba.

Kai ma da kake ɗauko katan daga Kano ko Kwatano ko ta hanyar Agadas, ka tambayi masu sayenka yadda suke dafawa. Mai yin dafa-duka tana son wadda ba ta caɓewa, ka duba bayan leda ka ga ko an rubuta durum, a Faransanci blé dur. Mai sayar da abinci a tasha tana son wadda ke kumbura ta cika kwano. Ka duba ranar lalacewa, ka kuma nisanta katan da danshi da zafin kwano, domin taliyar da ta sha danshi tana karyewa tana kuma jawo ƙwari. Kuma in kana da wuri a teburinka, ka ajiye kurkur da citta da kwalbar man shanu kusa da ita. Wanda ya sayi ɗaya yakan nemi ɗayan.

Kai kuma makiyayi, ka ga inda man shanu da cuku suka kai a wata ƙasa da masu su suka haɗa kai. Wannan magana ce mai tsawo, za mu ware mata shiri guda, mu gayyato masu ƙungiyoyin madara su yi bayani da bakinsu.

Wadda ta gwada girkin nan a gida ta aiko mana da labarin yadda ya kaya, ko yaran sun cinye ko sun ture kwano, za mu karanta a shiri. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.